Yadda ake riƙe ƙaramin kamfanin gina shafukan intanet, ma'aikata na jin daɗi, kwastoma na dawowa

Kamfani mai mutum uku zuwa biyar da ke gina shafukan intanet a Kano, Kaduna ko Abuja yana da mutane iri biyu da dole ya riƙe su da kyau: masu kawo aiki da masu yin aikin. Abin da ke ɓata wa ɗaya rai, shi ne dai ke ɓata wa ɗayan. Mai kamfani ya zauna gaban mai makaranta, ya ji nauyin cewa a'a, ya yi alkawarin shafi zai fito nan da kwana goma, alhali bai tambayi wanda zai gina shi ba. Alkawarin da aka yi da rana, ma'aikata ne za su biya shi da barcinsu na dare, kuma duk da haka shafin ba zai fito a kwana goman ba. Sai a wayi gari mai makaranta yana fushi, mai gini kuma yana neman wani aiki a ɓoye. Maganin duka biyun yana wuri guda: a fayyace me za a yi, nawa za a biya, yaushe za a gama, a rubuta shi, sannan kamfanin ya samu kuɗin da ke shigowa kowane wata ko an samu sabon aiki ko ba a samu ba.

Takardu da asusu kafin aikin farko

Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Rajistar sunan kasuwanci ta isa a farko, amma idan kana son aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu ko ma'aikatun gwamnati, gara ka yi rajistar cikakken kamfani, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya yin ta. Daga nan sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan kamfanin. Kada kuɗin kwastoma ya riƙa shiga asusunka na kanka. Ranar da kuɗin cefane ya haɗu da kuɗin aiki, ranar ka daina sanin ko kamfanin yana cin riba. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ka riƙa ɗaukarsa ranar da ake biyan sauran.

Ka kuma tsayar da irin aikin da za ku fi yi. Ƙaramin kamfanin da ke karɓar shafin makaranta yau, manhajar waya gobe, zanen kalanda jibi, kullum a matsayin ɗan koyo yake. Ku zaɓi fanni ɗaya ko biyu, misali makarantu masu zaman kansu da asibitoci, ko 'yan kasuwar atamfa da shadda masu son saye da sayarwa ta intanet. Shafin makaranta na biyar zai ɗauke ku ƙasa da lokacin da na farko ya ɗauka, domin kun riga kun san za a nemi fom ɗin neman gurbi, jadawalin zango da wurin duba sakamako.

Zaman farko da kwastoma

Kada ka faɗi farashi a waya. Wanda ya kira ya ce "nawa kuke yin shafi?" bai san abin da yake buƙata ba tukuna, kai ma ba ka sani ba. Ka nemi zama na minti arba'in zuwa awa ɗaya, ka tafi da littafi, ka fi sauraro fiye da magana.

Tambayar farko ita ce me yake so shafin ya kawo masa. Amsar "ina so a san mu a duniya" ba ta isa ba, sai ka matsa da ladabi: "Ranka ya daɗe, idan mutum ya buɗe shafin nan a wayarsa, me kake so ya yi kafin ya rufe? Ya kira ku, ya turo saƙo ta WhatsApp, ya cika fom, ko ya biya kuɗi?" Amsar wannan ce za ta nuna maka girman aikin. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wanda cinikinsa duk ta WhatsApp yake ƙarewa ba lallai ne ya buƙaci cikakken kanti mai kwandon saye ba. Hotunan kaya masu kyau, farashi, da maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp da sunan kayan a rubuce sun fi yi masa amfani, sun fi arha, kuma yaron shagonsa zai iya kula da su. Idan ka gaya masa haka maimakon ka ɗora masa abin da ba zai iya riƙewa ba, ka samu kwastoman shekaru.

Sai ka binciko wanda ke yanke hukunci. Sau da yawa wanda ya zo wurinka manaja ne ko ɗan mai kamfanin, amma Alhaji ko Hajiya ne ke da maganar ƙarshe. A yi wata guda ana aiki, a ranar ƙarshe a nuna wa mai wurin, ya ce launin bai yi masa ba, a koma farko. Ka nemi a ba ka sunan mutum ɗaya tak wanda amincewarsa ita ce amincewar kamfanin, a sa sunansa cikin yarjejeniya.

Tambaya ta uku, wadda aka fi mantawa: wa zai kawo rubutu da hotuna? Ka tambayi ko suna da tambarinsu a fayil na asali, ba hoton allon ƙofa da aka ɗauka da waya ba. Ka tambayi ko sun taɓa yin shafi, kuma wa ke riƙe da adireshinsa.

A zaman nan ne kuma za ka gane wanda bai kamata ka karɓa ba. Wanda ya zagi duk masu ginin da suka yi masa aiki a baya, wanda ya ce a fara yi masa zane kyauta ya gani, wanda ya ce zai biya idan shafin ya fara kawo kuɗi, duk ka ba su haƙuri tun da wuri.

Yadda ake lissafa farashi

Mutane da yawa suna sa farashi ne ta hanyar duba abin da maƙwabci ke karɓa, su rage kaɗan. Maƙwabcin nan mai yiwuwa shi kaɗai ne a ɗakinsa, ba haya, ba albashi. Kai lissafinka daga abin da kake kashewa zai fara. Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don sauƙin fahimta, kai sai ka sa naka.

A ce albashin mutum huɗu har da kai Naira 900,000 ne a wata. Haya idan an raba ta wata-wata, man janareto ko kula da sola, data, kuɗin manhajoji da zirga-zirga su kama 300,000. Jimla 1,200,000. Mutum uku ne ke aikin hannu, kai kana wajen neman aiki da zama da kwastoma. Kada ka lissafa musu awa takwas a rana. Bayan taro, amsa saƙonni, salla, abinci da ɗaukewar wuta, awa biyar ce ta ainihin aikin da za a iya cajin wani a kai. Awa biyar sau kwana 20 sau mutum uku ya ba ka awa 300 a wata. Raba 1,200,000 gida 300, kowace awa ta tashi a Naira 4,000 kafin riba. Ɗora kashi 30 cikin ɗari don riba da watannin da aiki ke yin ƙasa, ta zama 5,200. Shafi mai ɓangarori takwas da zai ci awa 60 daga zaman farko zuwa miƙawa ya tashi a 312,000. Duk abin da ka karɓa ƙasa da 240,000 a kan wannan aikin, daga aljihunka kake cikawa.

Don lissafin nan ya yi aiki, dole ku riƙa rubuta awoyin da kowane aiki ya ci. Takardar Google Sheets ɗaya ta isa: sunan aiki, wanda ya yi, me ya yi, awa nawa. Ka bayyana wa ma'aikata cewa ba don sa musu ido ake yi ba, don a daina karɓar aikin awa 90 a kuɗin awa 50 ne. Bayan aiki biyar ko shida za ka ga inda kake yawan yin ƙiyasi ƙasa da gaskiya, kuma galibi wajen shigar da rubutu da gyare-gyare ne.

Abubuwan da ake biya da dala, irin su masaukin shafi na ƙetare (wurin da ake ajiye shafi a intanet), adireshin .com da lasisin wasu filogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi), ka ware su a layinsu daban, ka rubuta cewa za a caje su bisa canjin ranar da aka biya. Waɗanda suka yi alkawarin farashin shekara a Naira kafin a saki darajarta a watan Yunin 2023 sun ga yadda ribarsu ta narke. Takardar farashinka ma ka sa mata wa'adi, kwana 14 ko 30. Idan kana cikin masu karɓar harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ka nuna shi a fili, kuma ka sani manyan kamfanoni da hukumomi kan cire wani kaso na haraji daga kuɗinka kafin su biya, don haka ka zauna da akawu kafin ka ba su farashi.

Idan an nemi ragi, kuma za a nema, kada ka rage kuɗi ka bar aiki yadda yake. Ka rage aiki tare da kuɗin: "Hajiya, a wannan kuɗin za mu yi ɓangarori biyar, sashen labarai da na hotuna sai mu bar su zuwa gaba."

Yarjejeniya a rubuce

Takarda mai shafi biyu ta isa, da harshen da kwastoma ke fahimta. Idan Hausa ya fi ji, a karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Ko ɗan'uwanka ne, a rubuta, domin aikin 'yan'uwa da abokai ne ya fi lalacewa saboda kunya.

A lissafa kowane ɓangare na shafin da sunansa, a kuma lissafa abin da ba ya ciki: rubuta bayanai, ɗaukar hoto, zanen tambari, kula da Facebook da Instagram, shigar da kaya fiye da adadin da aka ambata. Wannan jerin na biyu ya fi na farko hana rigima.

Biya kashi uku ne. Rabi a matsayin kafin alƙalami kafin a taɓa komai, kashi 30 idan an amince da zane, kashi 20 kafin a ɗora shafin a adireshinsa na gaskiya. Kalmar "kafin" ɗin nan tana da muhimmanci. Da zarar shafi ya hau, ciko ya zama abin bi da roƙo, kuma mai binsa ya fi mai biyansa jin kunya. Kada a fara aiki da hoton rasit ɗin tiransifa, a jira kuɗin ya bayyana a asusu.

Gyara zagaye biyu ne a matakin zane. Zagaye yana nufin kwastoma ya tattara duk abin da yake so a canza, ya turo a saƙo ɗaya. Abin da ya wuce haka ana cajinsa da awa. Sabon abu da aka tuno a tsakiyar aiki ba a ƙin sa, ana dai yi masa farashi: "Za mu iya, Yallaɓai. Zai ƙara kwana huɗu da Naira kaza. A sa shi yanzu ko bayan an buɗe?" Yawancin abubuwan da aka ce dole ne, da an ji kuɗinsu sai su koma na gaba.

Wa'adin gamawa ya fara ƙirguwa daga ranar da rubutu da hotuna suka cika, ba daga ranar biya ba. A kuma rubuta cewa idan kwastoma ya yi shiru kwana 30, za a ajiye aikinsa, ya koma layi. Ba tare da wannan ba, mutum zai ɓace wata huɗu, ya dawo ranar Alhamis ya ce Litinin yake son buɗewa, ya rushe muku jadawalin kowa.

Tafiyar da aikin kansa

Rubutu ne farko, zane ya biyo. Zanen da aka yi da rubutun ƙarya yana da kyau a allo, amma ranar da aka zuba sunan makaranta mai kalmomi tara a gurbin da aka yi wa kalmomi uku, sai ya wargaje. Tunda yawancin kwastoma ba sa iya zama su rubuta bayanin kansu, ka mai da rubutun sana'a: ka yi hira da su ta awa ɗaya, ka naɗa da izininsu, wani cikinku ya rubuta, a caji kuɗinsa. Wannan kaɗai yana rage makonni na jira.

A zana shafin farko da ɓangare ɗaya na ciki a manhajar zane ta Figma ko makamanciyarta, a fara da yadda zai fito a waya, domin da waya mafi yawan mutanenmu za su buɗe shi. A nuna wa mai yanke hukunci ido da ido ko ta kiran bidiyo, a bayyana masa dalilin kowane abu. Zanen da aka tura ba bayani, dangi da abokai ne za su yi masa alƙalanci. Idan ya amince, ya rubuto "na amince" a imel ko WhatsApp, a adana.

A yi gini a shafin gwaji wanda ke kan masaukinku, ba kan adireshin kwastoma ba. Idan WordPress, wato tsarin gina shafuka, kuke amfani da shi, ku tsayar da samfurin zane ɗaya da filogin kaɗan da kowa a ofis ya sani, don idan wanda ya gina ba ya nan, wani ya iya ɗauka. Kada ku kusanci filogin na sata da ake rabawa kyauta a Telegram da wasu shafuka. Ba sa samun sabuntawa, kuma da yawa akwai ƙofar baya a cikinsu, wadda masu kutse ke shiga ta ita. Bayan 'yan watanni sai shafin asibiti ya fara tura mutane shafin caca, Google ya sa masa jan gargaɗi, kuma sunanku ne a ƙasan shafin.

Nauyin shafi ya cancanci a tsaya a kansa. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar. Goma irinsa a shafin farko sun isa su cinye datar mai ziyara, ya rufe kafin ya ga komai. A rage faɗin hoto zuwa kimanin fiksel 1600, a mai da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, a yi ƙoƙari kowanne ya tsaya ƙasa da kilobait 200. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma shafinsu na auna sauri, PageSpeed Insights, zai nuna muku kyauta. Amma gwajin gaskiya shi ne ku ajiye ƙaramar wayar Android mai arha a ofis, ku kashe mata Wi-Fi, ku buɗe shafin da datar MTN ko Airtel.

Idan shafin yana da Hausa, ku gwada haruffa masu lanƙwasa kafin ku zaɓi salon rubutu. Salo da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Abin da zai faru shi ne a tsakiyar kalma irin "karɓaɓɓe" ko "ɗalibai" harafin zai fito da wani salo daban, ya fi sauran kauri ko tsayi, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa. Ku rubuta "Ɗan ƙasa ya ɓata" da manya da ƙananan haruffa, da mai kauri da marar kauri, ku duba a waya. Noto Sans yana ɗauke da su duka.

Kowane aiki ya samu mutum ɗaya da ke magana da kwastoma. Rukunin WhatsApp ɗaya, ba kiran mai gini kai tsaye. Saƙon murya na minti shida da kwastoma ya turo, mai kula da aikin ya saurara, ya mai da shi jerin rubutu, ya mayar masa: "Ga abin da muka fahimta, haka ne?" Duk ranar Alhamis a tura masa layi uku: abin da aka gama, abin da ke tafe, abin da ake jira daga wurinsa. Kwastoman da ke samun wannan ba ya kira da tsakar dare, domin fargabar an gudu da kuɗinsa ce ke sa shi kiran.

Ranar buɗewa da maganar mallaka

A buɗe shafi Litinin ko Talata da safe, kada a buɗe ranar Juma'a ko ana gobe hutu. A bi jerin dubawa guda kowane lokaci, kuma wanda bai gina shafin ba ne zai bi shi. Kurakuran da suka fi maimaituwa sanannu ne. A saitin WordPress akwai akwatin da ke hana injunan bincike ganin shafi, ana kunna shi lokacin gini, a manta ba a kashe ba, wata biyu kwastoma yana neman kansa a Google bai gani. Fom ɗin tuntuɓa yana nuna "an aika" amma saƙon ba ya isa, ko yana faɗawa cikin tarkacen imel, saboda ba a haɗa shi da SMTP, hanyar aika imel, ba kuma ba a saita SPF da DKIM, masu tabbatar da asalin saƙo, a adireshin ba. Ku aika gwaji zuwa Gmail ku gani da idonku. Takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa adireshi ya fara da https, kyauta ce, tana ƙarewa a kwana 90, ya kamata ta sabunta kanta, amma a tabbatar sabuntawar tana aiki. Idan akwai biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, a cire makullan gwaji, wato lambobin sirrin da ke haɗa shafi da asusun, a sa na gaskiya, a sayi wani ƙaramin abu da katin gaske.

Adireshin shafi na kwastoma ne. A yi rajistarsa da sunansa da imel ɗinsa, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng. Asusun karɓar kuɗi ma da takardun kamfaninsa za a buɗe, kuɗin cinikinsa kada ya bi ta hannunku. Wasu masu gini suna riƙe adireshi da sunansu don kwastoma ya kasa barinsu. Wannan cin amana ne, kuma shi ya sa 'yan kasuwa da yawa ke tsoron masu sana'ar nan. Idan shafin yana karɓar bayanan mutane, kamar na ɗalibai ko marasa lafiya, ku sanar da kwastoma cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kansa, ku sa ɓangaren da ke bayyana me ake karɓa da me ake yi da shi, kuma kada fom ya nemi abin da ba a buƙata.

Ku koya wa ma'aikacinsa ɗaya ko biyu yadda ake sauya rubutu da hoto, ku naɗa musu gajerun bidiyo na minti uku-uku da Hausa. Ku ba su shiga mai iyaka ta masu gyara rubutu, cikakken iko kuma ya tsaya wurin mai kamfanin.

Kuɗin kulawa na wata-wata

Nan ne kwanciyar hankalin ofis take. Kamfanin da ke rayuwa da sababbin ayyuka kaɗai yana yin wata biyu cikin yalwa, na uku babu albashi, sai ya karɓi duk abin da ya zo a duk farashin da aka taya. Tun a takardar farashi ta farko ka sa tsarin kulawa: masauki, sabunta WordPress da filogin, kwafin ajiya, sa ido kan ko shafin yana sama, da awa ɗaya ta ƙananan gyare-gyare. A lissafin da ya gabata, kwastoma 30 masu biyan 20,000 a wata sun ɗauke rabin kuɗin tafiyar da kamfanin. Da yake bin kuɗi kowane wata yana da wahala, ku karɓa na wata uku ko na shekara gaba ɗaya.

Sai dai a yi aikin da gaske. Kwafin ajiya ya riƙa tafiya wani wuri dabam da masaukin da shafin ke kai, kuma duk wata uku a ɗauki ɗaya a gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa ranar buƙata ake gane ba ya buɗewa. A fara sabuntawa a shafin gwaji. A ajiye jadawalin ranakun ƙarewar kowane adireshi, a tuna wa mai shi saura kwana 60, a sake a saura 30. Adireshin .com da ya ƙare yana da ɗan lokacin sassauci, bayansa sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai yawa, daga nan kowa na iya saye. Kowane wata ku tura wa kwastoma ɗan rahoton abin da aka yi da yawan masu ziyara, don ya san me yake biya wa.

Ma'aikata

Albashi a ranarsa. Babu wata walima ko kyautar riga da za ta maye gurbin wannan. Ka gina ajiyar da za ta biya albashin wata biyu zuwa uku, ka riƙa zuba mata wani kaso daga kowane kuɗi da ya shigo, kada ka taɓa ce wa ma'aikaci a jira kwastoma ya biya. Bin bashi aikinka ne.

Kada mutum ɗaya ya riƙe manyan ayyuka fiye da biyu a lokaci guda. Mai kamfanin da ke karɓar duk abin da ya zo kamar tela ne ana gab da Sallah: ya karɓi ɗinkin unguwa duka, ba wanda zai samu nasa a kan lokaci. Idan hannu ya cika, ka gaya wa sabon kwastoma ranar da za ku iya farawa. Kafin ka ba da wa'adi, ka tambayi wanda zai yi aikin, ka ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da ya faɗa. Allo ɗaya, na bango ko na manhajar Trello, ya nuna wa kowa me ke hannun wa. Taron minti 15 da safiyar Litinin ya isa.

Kayan aiki nauyin kamfani ne: batir da inbata ko sola da za su riƙe kwamfutoci idan an ɗauke wuta, layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, kujera mai kyau. Mai aiki daga gida a ba shi kuɗin data. Lokacin tashi ya zama sananne, lambar ofis daban da ta ma'aikata. Idan akwai larurar dare, a yi ta bisa juyi, wanda ya kwana a kai ya huta washegari. A azumi a dawo da aiki mai nauyi safiya, a tashi da wuri, kuma kada a sa ranar buɗe shafi a makon Sallah.

Kuskure za a yi shi. Ranar da wani ya goge abin da bai kamata ba, a gaban kwastoma kamfani ne ya yi, kai za ka ba da haƙuri. A cikin ofis a tambayi wane mataki ne babu a jerin dubawa, a ƙara shi. Ma'aikacin da aka ci wa mutunci a kan kuskure, na gaba ɓoye shi zai yi. Haka kuma kwastoman da ya zagi ma'aikacinka, ka kira shi da kanka ka gaya masa ba a haka a nan. Idan ya maimaita, a lissafa aikin da aka yi, a mayar masa da ragowar kuɗinsa da fayilolinsa, a rabu lafiya.

Ka ware musu rabin yini a mako don koyon sabon abu, ka bar su su sa ayyukan da suka yi a kundin nuna gwanintarsu. Maganar aikin gefe kuma a yi ta a fili, tunda kusan kowa yana yi: an yarda, muddin ba a lokacin ofis ba, ba kuma da kwastoman kamfani ba. Wanda ya kawo sabon aiki a ba shi la'adarsa da aka sani tun farko.

Masu ƙwarewa za su tafi wata rana, wasu zuwa aikin da ake biya da dala, kuma ba za ka iya hana su ba. Abin da za ka iya shi ne kada ilmin kamfani ya tafi tare da su. Kalmomin sirri su zauna a ma'ajiya ɗaya irin Bitwarden, ba a wayar mutum ɗaya ba. Kowane shafi ya samu takarda ɗaya mai nuna inda masaukinsa yake, inda aka yi rajistar adireshinsa, filogin da ke kansa da duk wani abu na musamman da aka yi masa. Wanda zai tafi ya ba da sanarwar wata guda, ya zauna da magajinsa su bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, a biya shi haƙƙinsa cikakke, sannan a ranar ƙarshe a cire shigarsa daga masauki, imel da rukunonin kwastoma, a canza kalmomin sirrin da ya sani.